Bakwai da Kwata, a Hannun Hagu

Ɗaki goma sha huɗu nake gyarawa,
gado ashirin da takwas, kafin rana ta take.
Tagata a ƙasa take, daidai leɓen ruwa,
agwagi kaɗai ke leƙo ni.
Baƙi na sama kuwa, tagarsu faɗin bango ce,
suna kwance birane ke zuwa gaishe su.

A Passau suka shigo, su ɗari da arba'in,
kowa da igiya a wuya, sunansa na reto,
sai ka ce awaki ranar kasuwa.
Radomir a gaba, ya ɗaga jar lema:
ja ku bi ja, shuɗi ku bi shuɗi,
wanda ya makara, jirgi ba ya jira.
Cika baki ne. Sau biyu muna jiran Ottmar,
ya tsaya cinikin cokali mai hoton coci.

Da abin da suka bari nake sanin su.
Ɗari biyu da shida: haƙoran roba a kofi,
ƙwayoyin magani jere, kowace rana da raminta.
Ɗari biyu da tara: shekara arba'in da aure,
sun ce in raba gadajen, in bar taki guda a tsakani.
Hedwig ita kaɗai ta zo,
amma tun bara aka biya kuɗin mutum biyu.
Kullum nakan tarar da rigar barcin namiji
shimfiɗe a ɗaya gefen.
In karkaɗe, in mayar yadda take.
Ba ta taɓa cewa uffan ba. Ni ma haka.

Da dare mukan shiga madatsa,
ƙofofin ƙarfe su rufe, ruwa ya janye,
jirgi ya yi ƙasa kamar guga a rijiya,
bango mai gansakuka yana hawa ta tagata.
Can sama ana kiɗa, kyaftin ya ɗaga kofi, ana tafi.
Nan ƙasa ni da Zsofia muna murɗa tawul
ya zama tsuntsu mai dogon wuya,
ko wani ya murmusa ya bar mana ɗan canji.

Rana ta tara, bayan duwatsun da suka shaƙe Danube,
nan ƙauyenmu yake, a hannun hagu.
Ba ya cikin takardar tafiya.
Ba hasumiya, ba tsohuwar ganuwa,
sai gonar kabeji da kwalekwalen da ya ruɓe.
Minti huɗu jirgi ke yi ya wuce shi.
Tun jiya na buga wa uwata waya: bakwai da kwata.

Na jingine tsintsiya, na hau sama,
inda aka hana mu hawa da rigar aiki.
Ga ta can a gaɓa, cikin takalman robar mahaifina,
tana kaɗa farin zanen gado da hannu biyu,
ɗana Costel riƙe da gefen rigarta.
Ya ƙara tsawo. Wata biyar ke nan.

Baƙi suka yo caa da wayoyinsu:
kai, dubi tsohuwa, dubi ɗankwalinta,
mutanen nan akwai son baƙi!
Radomir ya ɗauki lasifika,
ya ce ai al'adar yankin ce,
tun kaka da kakanni haka suke gaida jirage.
Ya juyo ya kashe min ido ɗaya.

Hannuna bai wuce kafaɗa ba, manaja na bayana.
Hedwig ce ta dube ni, ta dubi gaɓa,
ta sake dubana,
ta kwance rawayan gyalen wuyanta ta danƙa min.
Na kaɗa, na kaɗa,
har zanen ya koma kamar ƙwayar shinkafa,
har lanƙwasar kogi ta haɗiye su.

Na sauko. Saura gado goma sha tara.
Zannuwan jirgi sun fi na uwata fari,
sun sha guga, ba ko tabo.
Nata hayaƙin itace yake ƙamshi,
kuma akwai faci a kusurwa ɗaya,
karkatacce, da baƙin zare.
Ni na ɗinka shi, ina 'yar shekara tara.